Gyaɗa Tamu, Tunkuza Tamu: Me Ya Kai Maganin Tamowa Faransa?

Duk uwar da ta taɓa kai yaro awo a likitar Waca, ko aka tura ta babban asibitin Magarya da goyon da ya rame, ta san ledar nan mai fari da ja. Nauyinta giram 92, ƙarfin abincin da ke cikinta kalori 500. Malaman asibiti suna kiranta Plumpy'Nut, mata kuwa biskit suke cewa. A yaga kusurwa, a matsa, yaro ya tsotsa. Ba hura wuta, ba ruwa, ba cokali. Babban da ya lasa zai gaya maka abin da harshensa ya ji: tunkuza ce aka zuba wa sukari da madara.

To, a nan tambayar take. Daga Waca zuwa Dungas, daga Bande zuwa Kance, akwai gidan da ba a san tunkuza ba? Matanmu suna soya gyaɗa, su niƙa, su matse mai, su toya ƙuli-ƙuli tun ba a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro ledar ba. Amma shekara da shekaru kwalayen suna fitowa ne daga Malaunay, wani ɗan gari kusa da Rouen a arewacin Faransa inda ba a noman gyaɗa, su hau jirgin ruwa, su hau manyan motoci, kafin su iso hannun yaron da aka haifa a tsakiyar gonakin gyaɗa. Ko da aka fara yin ta a Nijar, a Yamai aka kafa masana'antar, fiye da kilomita 900 daga nan. Wa ya hana mu?

Zargin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne akwai wani sinadari na ɓoye da Turawa suka ƙi faɗa. Wannan ba ya jure ko juya ledar. A bayanta an jera kome: gyaɗa, sukari, man girki, garin madara, garin ruwan da ke saura in an yi cuku, sai gaurayen bitamin da ma'adinai irin su potasiyom da zinc da sinadarin ƙarfe. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa, suka buga adadin kowane sinadari da ake so a samu a giram 100, kowa ya gani. Tun kafin nan ma wani likitan yara ɗan Amurka, Mark Manary, yana dama irinta a Malawi da injin da bai fi na gidan burodi ba. A Haiti ma ƙungiyoyin agaji sun yi tasu da gyaɗar ƙasar. Babu asiri ke nan.

Sai zargi na biyu: wai ba mu da isasshiyar gyaɗa, ko ba mu san harkar inji ba. Wanda ya faɗi haka bai tambayi tsofaffin Magarya ba. A shekarun 1960 gyaɗa ce fiye da rabin abin da Nijar ke sayarwa waje. An kafa SONARA a 1962 don sayen ta, kuma akwai injinan matsar mai a Magarya da Matameye da Maraɗi. Gaskiya ne farin 1973 da kuturun gyaɗa na 1975 sun karya wannan kasuwa, uraniyom ya karɓe gaba, amma noman bai mutu ba. Kuma a duba lissafi. Kwali guda leda 150 ne, bai cika kilo 14 ba, shi ne abin da yaro ɗaya ke sha cikin mako 6 zuwa 8 ya tashi. Gyaɗar da ke cikin kwalin duka ba ta wuce tiya biyu ba. Wane manomi ne a ƙasar Sosebaki zai ce tiya biyu ta gagare shi?

Wadda ta nuna mini bakin zaren ɗiyar ƙanwata ce. Kimiyyar sinadarai ta karanta har digiri na biyu, ta yi shekaru a ɗakin gwaji tana binciken yadda mai ke lalacewa in ya daɗe a ajiye. Kowa ya sa ran digirin dakta, sai muka ji ta ajiye farar riga ta tafi Yawunde karatun shari'ar mallakar fasaha. Uwarta ta kai ƙara wajena, ta ce, "Yaya, ka yi mata faɗa. Duk wahalar nan ta sinadarai, a ce a ƙarshe takardu za ta koma dubawa?" Da yarinyar ta zo hutu ban yi mata faɗan ba. Ledar na ajiye a gabanta, na jera mata tambayata.

Ta ce, "Kawu, kana ta neman abin da aka zuba a ciki. Nemi abin da aka cire."

Na ce, "Me aka cire, ɗiyata?"

Ta ce, "Ruwa."

Kafin ledar, maganin tamowa mai tsanani madara ce ta musamman, F-75 da F-100, wadda Farfesa Michael Golden, likitan da ya daɗe yana aiki a Jamaika, ya taka babbar rawa wajen tsara ta. Lambobin suna nufin kalori 75 ko 100 a kowane mililita 100. Madarar tana aiki sosai, kuma har gobe da ita ake fara ceton yaron da ya galabaita a asibiti. Matsalarta guda: gari ce, sai an dama da ruwa. Da zarar an dama, ƙwayoyin cuta sun samu wurin hayayyafa, cikin ƴan sa'o'i a zafinmu ta lalace. Don haka ba a iya ba uwa ta tafi da ita gida, inda ruwan rijiya ko na tabki ne. Dole ta kwanta da yaron a asibiti wajen wata guda. Kuma yaushe tamowa ke tsananta? Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya taso, gona na jiran hannu, sauran yara na gida ba mai duba su. Uwaye da yawa ba sa zuwa, waɗanda suka zo kuma wasu su gudu kafin yaro ya warke.

André Briend, likita mai binciken abincin yara a cibiyar Faransa da a yau ake kira IRD, ya so ya mai da F-100 abin da ba ya bukatar ruwa. Ya fara da sandar cakulan, zafi ya narkar da ita. Labarin da ya shahara shi ne kwalbar Nutella ce a teburin karin kumallo ta buɗe masa ido: ga abinci mai maiƙo da sukari da madara, ana buɗe shi a rufe makonni bai ruɓe ba. Shi da Michel Lescanne, injiniyan abinci da ya kafa kamfanin Nutriset a 1986, suka maye gurbin wani kaso na madarar da niƙaƙƙiyar gyaɗa. A 1996 ledar ta fito. An gwada ta a Cadi, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1999.

A nan ɗiyar tawa ta gyara zama, don an shigo gonarta. Ƙwayoyin cuta, in ji ta, ba sa hayayyafa sai da ruwa, kuma ba kowane ruwa ba, sai wanda yake sake, wanda sukari ko gishiri bai riƙe ba. Masana suna auna wannan sakakken ruwa da ma'auni daga 0 zuwa 1. Tsabtataccen ruwa yana kan 1, damammiyar madara tana dab da shi. Salmonela da ƴan'uwanta masu kawo zawo ba sa yaɗuwa in an sauko ƙasa da wajen 0.9, ƙasa da 0.6 kuwa ko fumfuna ba ta tsira. Abin da ke cikin ledar yana ƙasa da 0.6, ruwan jikinsa bai wuce kashi 2.5 cikin 100 ba. Shi ya sa take shekara 2 a ajiye ba firji.

Akwai na biyu. Hanjin yaro mai tamowa ya yi rauni. In aka ba shi abu mai sukari da gishiri da yawa a narke, abin yakan jawo ruwan jiki zuwa cikin hanji, zawo ya ɓarke, maganin ya koma cuta. A cikin ledar kuwa kowace ƙwayar sukari da garin madara da ma'adinai tana lulluɓe da mai, ba ta narkewa gaba ɗaya lokaci guda, sai a hankali yayin da ciki ke sarrafa maiƙon. Na uku shi ne wanda ta fi sani, don a kansa ta yi bincike: sinadarin ƙarfe yana gaggauta lalacewar mai, ya sa shi wari da ɗaci. F-100 ba a sa mata ƙarfe, ledar kuwa da shi a ciki, kuma dole man ya jure shi watanni 24. Haɗa waɗannan uku wuri guda shi ne ƙirƙirar. Gyaɗa abin hawa ce kawai.

Sai ta buɗe wayarta ta nuna mini takardar da ta tsare hanyar. A ƙarshen 1997 Nutriset da cibiyar da Briend ke wa aiki suka shigar da buƙatar mallakar ƙirƙira a Faransa, takardar da ake kira brevet a ofisoshin Yamai. A Amurka an ba su ita a Fabrairun 2002, lambarta 6,346,284. Irin wannan takarda ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: ka bayyana wa duniya yadda ake yin abin dalla-dalla, mu kuma mu hana kowa ƙera shi, ko shigo da shi, ko sayar da shi ba da izininka ba har shekara 20. Shi ya sa ba a ɓoye kome ba. Ba a bukatar ɓoyewa.

Takardar shafuka ce masu yawa, amma ƙarfinta yana ƴan layukan ƙarshe inda mai ita ke zana abin da yake da'awa. Waɗannan layuka su ne gambar da ake dasawa a iyakar gona: abin da ke ciki nasa ne ko bai taɓa nome shi ba, abin da ke waje na kowa ne ko da taku ɗaya ne tsakani. Ginshiƙan da'awar, kamar yadda ta fassara mini, su ne abinci cikakke ko na ƙari wanda ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, wanda iska ba ta lalata shi, wanda in an tsoma shi a ruwa ninkin girmansa huɗu ƙarfin jan ruwansa bai kai 100 ba a ma'aunin masana, wanda kuma garin cikinsa yake lulluɓe da abu mai maiƙo.

Ta ce, "Kawu, ka lura da abu biyu. Ledar ruwanta 2.5 ne, amma an rubuta 10. Sannan ba a tsaya kan gyaɗa ba, an ce ƙwayoyi masu mai, gyaɗa ɗaya ce daga cikinsu."

Na gane inda ta dosa. Da 2.5 aka rubuta, sai wani ya yi nasa da 4 ya wuce abinsa. Da gyaɗa kaɗai aka ambata, sai wani ya canza ƙwaya. Wanda ya rubuta layukan ya san har ina za a iya ƙara ruwa abin bai daina aiki ba, ya san waɗanne ƙwayoyi ne za su iya tsayawa a madadin gyaɗa, sai ya kewaye su duka. Lauya zalla ba zai san wannan ba. Masanin sinadarai zalla kuma zai rubuta abin da ya dama a ɗakin gwaji daidai-wa-daida, don haka aka koya masa gaskiyar kimiyya, ya bar ƙofa a buɗe ta kowane gefe. Aikin na mutum ne mai ido biyu, kuma sana'a ce mai zaman kanta.

A Amurka ba a barin mutum ya zauna jarabawar wakilcin masu ƙirƙira a gaban ofishin ƙasa sai yana da karatun kimiyya ko injiniya. A Turai ma haka, sannan ya yi shekaru yana koyo a hannun gwani kafin jarabawa. Jami'ar Strasbourg tana da cibiyar horar da irinsu tun 1963. Misali, Pauline Newman ta samu digirin dakta a kimiyyar sinadarai a Jami'ar Yale a 1952, ta yi bincike a kamfanin American Cyanamid, sannan ta koma sashen takardun ƙirƙira na kamfanin FMC, ta haɗa da karatun lauya ta gama a 1958. A 1984 aka naɗa ta alƙaliya a kotun da ke sauraron ɗaukaka ƙarar duk shari'o'in mallakar ƙirƙira na Amurka. A namu ɓangaren, tun 2010 Jami'ar Yawunde ta Biyu take gudanar da digiri na biyu a wannan fanni tare da OAPI, ofishin mallakar ƙirƙira na ƙasashenmu, da hukumar mallakar fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ana ɗaukar masu kimiyya, ba lauyoyi kaɗai ba.

Sauyin sana'ar ba kyauta yake zuwa ba, ɗiyar tawa ma ba ta ɓoye ba. Ka bar kwalabe da ma'auni, hannunka ba zai sake gano sabon abu ba. Sunanka ya daina fitowa a mujallun bincike, sai dai a ƙasan takardar wani. Ka koma ɗan koyo bayan ka fara zama malami, kana haddace wa'adin watanni 12 da na watanni 30, wanda in ka kuskure ɗaya da kwana guda haƙƙin mutum ya tafi. Yini guda kana karanta takardun da aka rubuta da gangan don su faɗi da yawa ba tare da sun yi alkawarin kome ba. Wanda abin da ke faranta masa rai shi ne ya ga launi ya canza a kwalba, kada ya je. Amma cewa ta yi asarar karatun sinadarai, wannan kam ƙanwata ba ta faɗi daidai ba. Da shi take karanta 10 ta ga 2.5 a bayansa.

Saura mu ji yadda takardar Faransa ta iso Waca, tunda irin wannan haƙƙi ba ya tsallake iyakar ƙasar da ta ba da shi. Amsar tana Yawunde. A Satumban 1962 ƙasashe 12 da suka fita daga mulkin Faransa, har da Nijar, suka haɗu a Libreville suka kafa ofishi guda na mallakar ƙirƙira. Yarjejeniyar Bangui ta 2 ga Maris 1977 ta mai da shi OAPI, wadda yau ke da ƙasashe 17. Takarda guda a Yawunde tana aiki a dukansu kamar kowace ƙasa ce ta ba da ita. Nutriset ta yi rajista a can, ta kuma yi a takwararta ta ƙasashen gabashi da kudancin Afirka. A wancan zamani OAPI cikar takardu take dubawa, ba ta zurfafa binciken ko abin sabo ne. Mai ja sai ya tafi kotu. Gyaran da aka sa wa hannu a Bamako a Disamban 2015 shi ya tanadi a riƙa yin wannan bincike, wanda kuma ba ya yiwuwa sai da masu kimiyya a ofis. Najeriya ba ta cikin OAPI, tana da dokarta ta 1970, ita ma rajista take yi ba tare da tantance sabunta ba.

A fayyace abu guda: ba a taɓa hana matar Waca tunkuzarta ba. Abin da jama'a suka riga suka sani ba ya shiga mallakar kowa. Wanda aka tsare shi ne mai son kafa masana'antar abincin tamowa, ko mai son shigo da irinsa daga wani wuri.

Ba wanda ya damu da wannan sosai sai da 2005 ta zo. A shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a Maraɗi, kuma galibinsu a gida suka sha ledar, uwa tana kawo su awo mako-mako. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani a shirin Maraɗi sun warke. A shekarar ce MSF ta fara aiki a Magarya, a shekarar ce kuma kamfanin STA na Yamai, wanda Fatchima Cissé ta kafa a 2001, ya samu izinin Nutriset ya fara yin ledar a gida. Da sanarwar 2007 ta fito, bukata ta yi tashin gwauron zabo, sai aka waiga aka ga yawancin abin da duniya ke sha daga kamfani guda yake fitowa. A 2009 rigima ta fito fili. Kamfanin Compact na Norway ya samu gargaɗi kan kayansa da ke bi ta Kenya, MSF ta rubuta wa Nutriset buɗaɗɗiyar wasiƙa, sannan ƙungiyoyi biyu na Amurka, Mama Cares da Breedlove, suka shigar da ƙara suna neman a rushe takardar.

Hujjar Nutriset ita ce in ta saki, manyan kamfanonin Amurka masu gyaɗar da gwamnati ke tallafa wa za su cika kasuwa, ƙananan masana'antun Afirka su mutu tun suna jarirai. Ba zan ce maganar banza ce ba. Masana'antar Yamai a inuwar takardar ta girma, kuma daga baya wata ta tashi a Kano ta wannan hanya. Amma ni a ganina kamfani mai riba a cikin magana bai kamata ya zama shi ne mai yanke wa zai ciyar da yaran Dungas ba, kome kyan niyyarsa. A Oktoban 2010 matsin ya yi aiki, Nutriset ta buɗe hanyar da kamfanonin ƙasashe masu tasowa za su karɓi izini ta intanet, su riƙa ba IRD kashi 1 cikin 100 na cinikinsu. Masu yi suka ƙaru, kuɗin kwali ya sauko daga wajen dalar Amurka 57 a 2008 zuwa ƙasa da 45 bayan shekara 10.

Na tambayi ɗiyar tawa ko ana iya tuge irin wannan iyaka tun farko. Ta nuna mini itacen dogon yaron da ke ƙofar gida. A 1994 ofishin mallakar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takarda kan amfani da man wannan itace wajen kashe fumfunar shuka. Indiyawa da abokansu suka yi ja. Cewa kakanninmu sun san shi bai wadatar ba. Abin da ya yi aiki shi ne wani mai masana'anta daga Indiya da ya kawo shaidar gwajin da ya yi a gonaki shekaru kafin a shigar da takardar, da adadin man da ya zuba a ruwa. A 2000 aka soke ta, a 2005 aka tabbatar da sokewar. Kotu lamba take so, da kwanan wata.

Har na ɗauka an kai ƙarshe: takarda ce ta hana mu. Sai ta ce, "Kawu, haɗa 1997 da 20."

Takardar ta mutu. Tsakanin 2017 da 2018 wa'adinta ya cika a ko'ina, kuma ba a sabunta irinta. Duk abin da ke cikinta ya zama na kowa, ana karanta shi kyauta a shafukan intanet na Espacenet ko Patentscope. Wanda ya ga dama a Damagaram ya kafa inji gobe, ba izini, ba kashi 1. Sunan Plumpy'Nut kaɗai ne ya rage na masu shi, don alamar kasuwanci ana sabunta ta duk shekara 10 ba iyaka. Sai ka raɗa wa naka wani suna. To in haka ne, me ya sa har yau ba a yi ba?

Madara ce ta farko. Sanarwar 2007 ta ce aƙalla rabin furotin ɗin ledar ya fito daga madara, garin madara kuwa shi ne mafi tsada a kayan haɗin, kuma daga waje ake sayo shi duk da shanun da ke kiwo a bayan gari. Gaurayen bitamin ma daga waje. Mai saye kusan guda ne, UNICEF, wadda ke ɗaukar wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na abin da duniya ke yi, kuma ba ta saye sai masu bincikenta sun zagaya masana'anta sun gwada kaya. Salmonela ba ta hayayyafa a cikin ledar, amma in ta shiga ba ta mutuwa da wuri, don haka sai an gwada kowane rukuni.

Babban abin kuwa yana cikin gyaɗar kanta, kuma a nan maganar ta dawo gonakinmu. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da dusar gyaɗar Brazil. Bincike ya gano guba ce da wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa, aka kira ta aflatoksin. Tana cin hanta, tana jawo sankara, kuma suya ba ta kawar da ita. Fumfunar tana kama gyaɗa in ruwa ya ɗauke ƙasa ta yi zafi kafin ta nuna, ko in fartanya ta fasa kwanso wajen cira, ko in an tara ta da danshi. Sanarwar 2007 ta ce kada gubar ta wuce kashi 5 cikin biliyan. Ƴan ƙwayoyi marasa kyau sun isa su ɓata buhu, ido kuma ba ya ganin gubar, sai na'ura. Wannan ya sa wasu masana'antun Afirka, suna zaune a ƙasar gyaɗa, suke sayo gyaɗa daga ƙetare. Manominmu yana da tiya biyun. Abin da ba shi da shi shi ne takardar gwajin da za ta ce tiyarsa tsabtatacciya ce.

Duk waɗannan ana iya taɓa su. Cira a kan kari, shanya a kan tabarma ko dandamali maimakon ƙasa, busarwa sosai kafin a zuba a buhu, tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse, sun rage gubar ƙwarai. Cibiyar IITA ta Ibadan ma ta fitar da Aflasafe, fumfuna marar guba da ake watsawa a gona ta kori mai gubar. A Malawi an gwada ledar da aka yi da waken soya da masara da dawa ba madara. Ranar da wani ɗalibi a Damagaram zai haɗa tasa da wake da gero da riɗi, zai bukaci wanda zai duba masa ko wata sabuwar takarda ta riga ta kewaye wurin, ya kuma gargaɗe shi kada ya buga sakamakon a mujalla ko ya karanta shi a taro kafin ya shigar da buƙata, don a yawancin ƙasashe wanda ya bayyana ƙirƙirarsa da bakinsa ya kashe sabuntarta. Malaman jami'a da yawa sun yi wannan asara, saboda su da bugawa ake ƙara musu girma.

Kirana ga Jami'ar André Salifou ta Damagaram da mahukuntan jaha biyu ne. A samar da wurin gwajin aflatoksin da ƙungiyar manoman Waca ko ta Dungas za ta iya kai samfur ta karɓi sakamako a kuɗin da za ta iya biya. Sannan cikin ɗaliban sinadarai da ake yayewa kowace shekara a zaɓi ko da biyu a tura su Yawunde, su dawo su zauna kusa da ɗakin gwaji suna karanta wa sauran takardun da suka mutu da waɗanda ke da rai. Iyayen da ɗansu ya zo da wannan shawara kuma, don Allah ku bar shi ya tafi.